Abin da Ba A Zubawa a Akwatin Gbadebo

Talata, 16 ga Agusta, 1988, da hantsi

Sai yau na samu na ɗauki biro. Littafin awon masu ɗinki ne wannan, amma tunda ba mai kawo ɗinki gidan da ya rushe, bari in cika bayansa.

Ranar Lahadi da la'asar, ana tsakiyar ruwan nan da ya kwana ya wuni, soron Inna ya zauna. Ina kan keken ɗinki na ji ƙarar azara kamar an karya rake. Na shiga na tarar da ita kan gado ƙasa na zubo mata. Na sungume ta na fito, ko tsakar gida ba mu kai ba rabin ɗakin ya rufta. Ƙugunta ya bugu da bakin ƙofa, ni kuma gwiwata. Ban da wannan, Allah ya tsare.

Tana kafaɗata, ruwa na dukanmu, abin da ta fara cewa shi ne, "A aika Argungu a hwaɗa ma Kulu kar hankalinta shi tashi."

Kulu ita ce Hauwa'u, autarmu, ma'aikaciyar jinya, tana aure a can. Ni kuwa tun da mijina ya rasu na dawo gidan nan na unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, ni ke girki, ni ke wanki, ni ke shafa wa Inna man zafi. Na ce to, za a aika.

Laraba, 17 ga Agusta, bayan azahar

Yaya Dikko ya zo daga unguwar Badariya da leburori. Sun fara kwasar ƙasa suna jibgewa bakin hanya sai ga duba-gari. Ya ce ba a yarda ba, ta tare kwalbati, in an sake ruwa unguwa za ta cika. Yaya ya ce to ya cinye ƙasar ke nan? Aka yi ta cacar baki. Daga ƙarshe ya ce zai je wurin Gbadebo, ɗan kwangilan nan mijin ƙawata Foluke, ya kama hayar ɗaya daga cikin manyan akwatunan ƙarfen da yake ajiyewa a wuraren gini. In ya cika motarsa ta zo ta ɗauke.

Inna tana ɗakina. Na ba ta gadon, ni ina tabarma.

Alhamis, 18 ga Agusta, da la'asar

An kawo akwatin. Mota ce ta sauke shi da sarƙa a ƙofar gida, kore ne, duk tsatsa, tsayinsa ya kai ƙirjina, ya kusa zaurenmu faɗi. Unguwa ta fito kallo kamar an kawo amarya.

Foluke ta biyo motar. Ita ce ƙawata tun ranar da ta kawo mini ɗinkin sunan 'yarta Bisi, kuma ita ke riƙe da harkar akwatunan in mijinta yana wurin gini. Ta gaida Inna har ƙasa, sannan ta ja ni gefe.

"Sauda, saurara, don ku Hausawa in an hwaɗi maku doka sai ku ce to, ku yi abin da kunka ga dama. Ƙasar gini, tsumma, ruɓaɓɓen itace, tsohon kwano, duk ku zuba. Amma ban da toka mai wuta. Ban da mushe. Ban da kananzir ko batirin mota. Ban da abin da yah hito masai, kin gane ni."

Na ce na gane.

"Kwalba da gilashi kuma a sa su buhu daban, a aje waje. Mutanenmu shiga suka yi ciki su baje kaya da shebur, wani ko takalmi babu. Kuma kar a tula shi ya wuce baki, sarƙa ba ta ɗauka."

Inna ta jiyo daga ƙofar ɗaki. Ta ce ita ma tana da nata dokokin. Ba a zuba hatsi ko ƙwaya ɗaya ce. Ba a zuba abin da ke da sunan Allah. Ba a zuba azarar da Baba ya saro da hannunsa, ko ta karye. Kuma duk abin da aka tono sai an nuna mata.

Foluke ta yi dariya ta ce, "To Inna, kin hi Gbadebo tsanani."

Juma'a, 19 ga Agusta, da yamma

Wuni guda ina tona, ina ɗagawa, ina nunawa. Inna na kan tabarma a ƙofar ɗakina kamar alƙali.

Tsohon adudu, zuba. Fitilar da ta fashe, cire kwalbar a zuba. Wani takalmin roba ƙafa ɗaya, ɗan mitsitsi: "Aje, na Kulu na, da shi tak koyi tahiya." Farin ɗankwalin makarantar jinya da asu ya cinye: aje. 'Yar tsanar da ba ta da kai: aje.

Can ƙasa na ciro rigar matashin da na yi mata a sallar bara, wadda na zauna na zana wa furanni da zare kala-kala har idona ya yi ja. Tana nan a ninke yadda na ba ta, ba a taɓa sa ta ba. Laka ta ci gefe ɗaya. Na ɗaga.

Ta duba ta ce, "Wagga ta ɓaci. Zuba."

Na zuba. Ai tsumma ce, Foluke ta ce ana zuba tsumma.

Asabar, 20 ga Agusta, da hantsi

Hauwa'u ta iso.

Asabar, bayan magariba

Ta zo da bandar kifi cike da kwali, da ƙwayoyin magani, da wani man shafawa mai ƙamshi. Inna da ta ce mini ba ta iya miƙewa, sai ga ta zaune ba wanda ya tallafe ta. "Kulu, kin rame. Kulu, hanya ta yi maki wuya?" Hauwa'u ta tattaɓa ƙugun ta ce ba karaya, buguwa ce. Abin da na faɗa ke nan tun Lahadi. Amma yau da ya fito daga bakin mai farin kaya sai Inna ta ce alhamdu lillahi, yanzu hankalinta ya kwanta.

Hauwa'u ta rungume ni ta ce, "Yaya Sauda, an ce ke kih hiddo ta. Allah shi saka maki." Har da hawaye. Ba ta da mugun hali, ban taɓa cewa tana da shi ba. Da tana da shi ma da na fi samun sauƙi.

Na yi miyar sure da kifinta. Inna ta ce kifin ya yi daɗi.

Lahadi, 21 ga Agusta, da safe

Mu uku a ɗaki ɗaya. Su biyu a gado.

Litinin, 22 ga Agusta, da azahar

Akwatin ya zama na unguwa. Muna tashi muka tarar da tsohuwar katifar da ba tamu ba, da ɓawon albasa buhu guda, da kujerar da ba mu san mai ita ba. Yaya Dikko ya tsaya bakin hanya yana faɗa da iska, yana cewa shi ya kama haya ba gwamnati ba.

Foluke ta zo dubawa. Ta zauna da Hauwa'u a rumfa tana tambayarta maganin tarin Bisi, daga nan suka koma hirar Argungu, suna ta dariya har da tafawa. Ina ɗauke da kwandon ƙasa na wuce su na dawo, na sake wucewa. Da za ta tafi ta ce, "Sauda, ashe ƙanwarki haka take da daɗin hira, kika ɓoye muna ita?"

Ko Foluke.

Talata, 23 ga Agusta, da la'asar

Wari ya tashe mu. Wani ya jefa mushen akuya ya rufe da ƙasa. Direban Gbadebo ya zo ɗaukar kaya na farko, ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce shi ba ya ɗauka, inda suke zubarwa kusa da gonakin mutane ne, an riga an yi masu kashedi. Kowa ya san akuyar Laure ce ta bayan gidanmu, mai baƙin tabo a wuya, amma Laure ta fito tana salati tana cewa wane marar tsoron Allah ne. Sai da leburori suka ciro ta da ƙugiya suka kai bayan gari suka binne, sannan aka ɗauki akwatin aka juye aka dawo da shi.

Bayan an natsa Yaya ya tara mu a rumfa. Ya ce ba za a iya gini ba sai ruwa ya ɗauke, kuma katangar ɗakina ma ta jiƙe, bai yarda da ita ba. Hauwa'u ta ce a ba ta Inna ta tafi da ita Argungu, gidanta na bulo ne, ga asibiti kusa. Yaya ya ce shawara ta yi. Ya juya wurin Inna.

Na zuba mata ido. Na ɗauka za ta ce, to Sauda fa? Ko ta ce bari in yi tunani. Ko dai ta dube ni.

Ta ce, "Duk yadda kunka yi daidai na." Tana murmushi, tana gyara wa Hauwa'u ɗankwali.

Yaya ya ce, "Ke kuma Sauda sai ki huta." Na ce to.

Laraba, 24 ga Agusta, da hantsi

Inna sai tambayar hoton take yi. Hoton Hauwa'u ne na ranar da ta gama makarantar jinya, da farar hula, a cikin katako da gilashi, wanda ke rataye saitin gadonta. Kullum da safe shi take fara gani. Nawa ba a taɓa ɗauka ba balle a rataye.

Laraba, bayan la'asar

Na same shi a ƙarƙashin ƙyauren da ya faɗi. Gilashin ya tsage gida-gida amma bai zube ba, fuskar ko laka ba ta taɓa ba. Tana ta murmushinta.

Leburori sun tafi cin abinci. Su biyun suna ɗaki, ina jin Inna tana ba ta labarin da ni ba ta taɓa ba ni ba, na lokacin da suke Augie da Baba suna noman albasa.

Akwatin yana da zurfi ta kusurwar da ke wajen bishiyar dogon yaro. Can na jefa shi. Kwandon ƙasa biyu ya isa ya rufe shi.

Ban cire gilashin ba. Ban ma tuna ba.

Alhamis, 25 ga Agusta, da safe

Ta sake tambaya. Na ce ban gani ba.

Juma'a, 26 ga Agusta, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba.

Maza sun tafi masallaci. Kafin su tafi leburori sun yi sauri sun kwashe sauran kusurwar ɗakin, don direba ya ce da la'asar zai zo. Inna tana lissafin kayanta sai ta ce ina allon Baba? Allon karatunsa, da rubutun hannunsa a jiki, yana jingine a wannan kusurwar tun rasuwarsa. Muka duba ko'ina babu. Na leƙa akwatin, sai ga kan allon ya ɗan fito daga ƙasa, can wajen dogon yaro.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Sunan Allah cikin shara! Ku hiddo shi, ku hiddo shi yanzu!"

Gwiwata ba ta lanƙwasuwa tun ranar rushewar. Hauwa'u ta ce, "Yaya, riƙe min mayahi." Ta jawo turmi ta taka, ta haye, da silifas.

Na san abin da ke wurin. Na san daidai inda yake. Na buɗe baki na ce, "Hauwa'u," ta juyo ta ce, "Na'am?" Inna tana bayana tana jin komai. Na ce, "Yi a hankali."

Abin da na ce ke nan. Yi a hankali.

Ƙasar ta jiƙe, ƙafarta ta nutse har idon sawu, silifas ɗin ya tsaya a sama. Ba ta yi ihu ba, ta dai ce "Wash!" ta zauna. Da ta zaro ƙafar jini na zuba kamar an yanka kaza. Ta miƙo mini allon tukuna. Sannan ta sa hannu a ramin da ƙafarta ta yi don ta ga abin da ya yanke ta, ta jawo shi rabi. Ta dube shi. Ta dubi ƙasar da ke kansa, jar ƙasar bayan ɗaki ce, wadda ni kaɗai nake kwasa tun Laraba. Ta dube ni.

Ta mayar da shi ta tura ƙasa ta rufe.

Inna ta ce, "Mi yay yanke ki?" Ta ce, "Kwalba ta, Inna."

Ni da Laure muka sauko da ita. Hauwa'u ce ta gaya mana yadda za mu ɗaure, ita ta ce a kira mai mota. An yi mata ɗinki a tafin ƙafa, an yi allura. Foluke ta zo asibitin hankali a tashe tana cewa ai ta faɗa, ta faɗa, wane ne ya zuba gilashi? Yaya ya ce 'yan unguwa ne, wa zai zama in ba su ba, ya rantse sai ya yi ƙarar Laure wurin mai unguwa. Laure da ta riƙe mana ƙafar har jini ya ɓata mata zane.

Hauwa'u ta ce a bar maganar.

Asabar, 27 ga Agusta, da hantsi

Motar ta zo ta ɗauke akwatin da duk abin da ke ciki. Na tsaya a zaure har ta sha kwana.

Lahadi, 28 ga Agusta, da azahar

Mijin Hauwa'u ya zo da mota ya kwashe su. An sa Inna a baya, ƙafar Hauwa'u a kan cinyarta. Na miƙa ƙullin kayanta, da takalmin roba ƙafa ɗaya, da 'yar tsana. Inna ta ce in kula da kaji, in riƙa rufe randa. Hauwa'u ta ce, "Sai mun ji ki, Yaya." Ba ta dube ni ba. Ko ta duba ni ce ban ɗago ba.

Talata, 30 ga Agusta, da la'asar

An dawo da akwatin wayam, don sauran katanga. Na wuni ina tsince kwalabe ɗaya-ɗaya daga cikin ƙasa ina sawa a buhu. Leburori suna ta mamaki, ɗaya ya ce, "Hajiya, ai wanga aikin ya yi yawa." Na ci gaba da tsinta.

Na hau gadona. Warin man shafawar Inna ne a matashin.

Laraba, 31 ga Agusta, da safe

Yanzu Hauwa'u tana can tana dama wa Inna kunu. A'a, ba ta iya tsayuwa. To wa ke damawa? Inna ba ta shan kunu in an sa sukari kafin tsamiya.

Alhamis, 1 ga Satumba, bayan azahar

Yaya ya zo ko zama bai yi ba. An aiko daga Argungu: ƙafar ta kumbura har ƙwauri, zazzaɓi ya ƙi sauka, an kwantar da ita. Likita ya ce akwai sauran gilashi a ciki. In bai faɗa ba zuwa jibi sai Sakkwato, kuma an ambaci abin da ba zan rubuta ba.

Mace mai aikin tsayuwa. Mai 'ya'ya ƙanana.

Na ce gobe zan tafi. Yaya ya ce to akwatin fa, wa zai tsare, kwanakin haya na tafiya. Na ce ya zuba ni ciki in ya ga dama. Ya tsaya yana kallona.

Juma'a, 2 ga Satumba, Argungu, da yamma

Fadama duk ta cika, shinkafa sai kanta ake gani. Mutanen motar suna ta maganar ambaliya, ni ban ji rabi ba.

Na tarar da Inna a gidan ta zauna bakin gado da carbi, ta faɗa kamar ba ita ba. Ta gan ni ta ce, "Kin zo? Wa kib bar ma kaji?" Daga nan ta fashe da kuka ta ce ita ta sa yarinyar nan ta hau, ita ta jawo. Na ce ba ke ba ce, Inna. Ta ce to wa? Na tashi na ɗora ruwa.

A asibiti an sake buɗe ciwon, an ciro wani siririn gilashi kamar ƙaya. Abokan aikinta sai shiga suke suna fita, kowa Kulu, Kulu. Wata tsohuwa da Hauwa'u ta taɓa karɓar haihuwar jikanta ta kawo fura tun daga ƙauye. Ina zaune a gefe da kwanon abinci ina tunanin in ni ce a gadon nan, wa zai zo? Foluke. Wataƙila Laure.

A wannan halin ma abin da zuciyata ke lissafawa ke nan. Allah ka shirye ni.

Lahadi, 4 ga Satumba, da asuba

Zazzaɓin ya sauka. Ta yi gumi har zanen gado ya jiƙe. Ba za a je Sakkwato ba.

Litinin, 5 ga Satumba, da la'asar

Ina goge mata jiki, ba kowa a ɗakin sai wata mai barci. Ta ce, "Yaya, ja labule."

Na ja.

"Inna ta tambai ni hoton. Na ce na gane shi cikin laka ya ruɓe, ni da kaina nis sa anka zubar."

Na ci gaba da matse tsumma.

"Ba don ke niy yi ba. Don ita."

Na ce, "Na sani."

"Ba ki sani ba." Muryarta ta canza, ban taɓa jin ta haka ba. "Hoton banza, ki ƙone shi ma in kin so. Amma kin kira sunana, Yaya. Na juyo na dube ki. Kina da lokaci."

Na ce ina da shi.

Hawaye na gangara cikin kunnenta. Can ta ce, "Kin san tun da Inna taz zo gidana ba ta taɓa yi min hwaɗa ba? Komi nib ba ta, sai ta ce an gode, Allah shi yi albarka, awa baƙuwa. Ta ci loma ukku ta ture. In na shigo sai ta gyara zama. Ke kuwa tana zaginki tana miƙa maki ƙahwa ki matsa. Ni hoto ta aje bango. Wa ka son zama hoto?"

Na ce, "Ni."

Ta buɗe ido ta dube ni. Sai dariya ta kufce mata, ta kama ƙafar tana cewa wayyo, kar ki sa ɗinkin ya ɓalle. Ni ban yi dariya ba, da gaske nake.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba yau ba. Bari in taka ƙasa tukuna in ji." Na ce hakan ma ya yi.

Litinin, bayan magariba

Ta rufa mini asiri tana kwance da ƙafar da na yanka. Ko a alheri sai ta fi ni.

Alhamis, 8 ga Satumba, da yamma

An sallame ta, tana dogara sanda. Likita ya ce za ta taka, sai dai ɗan yatsan ƙarshe ba zai ƙara jin taɓi ba. Na yi masu tuwon shinkafa na kwana biyu, na nuna wa mai aikinta yadda ake kunun Inna, na kamo hanya.

A bakin ƙofa Hauwa'u ta ce in ɗinka wa yaranta kayan makaranta, za ta aiko da awo. Ban sani ba ko yafiyar ke nan. Na ce ta aiko.

Asabar, 10 ga Satumba, Birnin Kebbi, da hantsi

Na je gidan Laure da kwanon hoce. Na ce mata ba ita ce ta zuba gilashin ba, na sani, kuma na gaya wa Yaya ya bar zancen mai unguwa. Ta ce, "To akuyar dai tawa ta." Muka zauna muka ci.

Foluke ban iya zuwa wurinta ba, ita ta zo da direba ɗaukar akwatin na ƙarshe. Ta ga buhunan kwalabe a jere an ɗaure bakinsu. Ta dube su, ta dube ni, ta daɗe. Ta ce, "Ka ga mai bin doka." Da za ta shiga mota ta matse mini hannu da ƙarfi har ya yi zafi.

Talata, 13 ga Satumba, da azahar

Yaya ya sa an tokare katangar ɗakina da azarar Baba. Na buɗe keke. Ba mai cewa ƙararsa ta dame shi.

Asabar, 17 ga Satumba, bayan magariba

Ina shara da la'asar na ji mota ta tsaya. Yaya Dikko ne, fuska a murtuke, yana fito da ƙullin kaya. Ya ce tun Laraba Inna ta tayar masu da hankali, sauron Argungu ya hana ta barci, ruwansu ƙarnin kifi yake, gidan bulo zafi gare shi. Ya ce mata ba ɗaki, ta ce ai Sauda na da gado.

Ta shigo tana dafa bango. Ta tsaya ta dubi filin da ɗakinta yake a da, ta daɗe. Sannan ta juyo ta ce, "Ke, randa a buɗe. Mi nic ce maki?"

Na ɗora tukunya. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta fara: Kulu ta fara takawa ba sanda, Kulu jaruma ce, ko a gadon asibiti mutane layi suke yi, Kulu ta ce in ta warke za ta sake ɗaukar hoto, babba, mai kala. Ta ce in nemi wurin da za a rataye shi a ɗakin nan.

Na ce to. Na ji abin ya taso mini, yana nan inda yake, bai je ko'ina ba.

Na ajiye mata tuwon. Ta ce miyar gishiri ya yi yawa. Ta cinye, ta suɗe hannu, ta turo mini kwanon da ƙafa ba tare da ta dube ni ba.

"Ƙaro," in ji ta.